Mazurarin Man Gyaɗar Hajjo

Duk mai zama tashar Bodinga ya san Malam Arzika direba. In bai san sunan ba ya san tafiyar: hannu ɗaya dafe da ƙugu, kamar wanda ya manta inda ya ajiye bayansa. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari. Ya ja tifa, ya ja bas ɗin 'yan kasuwa har ta tsufa ta koma ɗakin kaji, daga ƙarshe ya faɗa hannun Alhaji Zainulabidin, dillalin albasa. A duk shekarun nan abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma ya faɗe shi har kunnuwan tasha sun haddace: bai taɓa zuba wa motar ubangidansa man bumburutu ba. Shi da gidan mai, sai mutuwa.

Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya sayo wata a-kori-kura 'yar Kwatano, fara, ƙatuwa. Ranar farko Arzika ya buɗe 'yar ƙofar tanki ya ga ba murfi. Rami ne kawai da wani harshen ƙarfe a ciki ya rufe hanya. Ya yi salati ya ce an sace murfin tun a bakin ruwa, kuma duk tasha ta yarda, don ba wanda ya taɓa ganin tanki ba murfi sai na mahaukaci. Aka gwada na tifa, aka gwada na jarka, wani ya kawo na filas ɗin shayi. Ko ɗaya bai zauna ba, don wurin ba shi da zaren ɗaurawa. Sai Arzika ya yagi tsohon rawaninsa ya cusa, magana ta ƙare.

A ranar ce ya tsinci wani farin mazurarin roba mai dogon wuya a bayan kujera. Ya juya shi, ya ce Bature dai da kayan banza, ya kai wa matarsa Hajjo mai ƙuli-ƙuli. Wuyan ya shiga bakin kwalba ɗas, ko ɗigon man gyaɗa ba ya zuba. Tun lefe bai kawo mata abin da ya faranta mata rai haka ba.

Motar kuwa ta riƙa shan mai a gidan mai kamar mara lafiya. Bakin famfo ya shiga, ya zuba kaɗan, ya katse, a sake matsawa, ya katse. Arzika ya jure, don ya riga ya gaji da komai, har da faɗa. Bayansa ya ƙi, idonsa ya fara ganin rami bayan an wuce shi. Abin da yake so kawai shi ne ya sauka. Yana da 'yar fadama da ya gada can bayan Kajiji, kuma bana ya gyara fangali, ya kama irin albasa mai kyau a Dingyadi, kwando goma sha huɗu. Albasar nan ita ce fanshonsa. In ta yi, ya bar hanya. In ba ta yi ba, sai dai sitiyari ya binne shi.

Alhaji ya ba shi aron motar ranar Asabar, a kan Litinin ya kawo makulli a yi sallama. Da sassafe aka cire irin aka loda. Irin albasa kuwa jariri ne, in ya fita daga ƙasa da safe dole ya koma ƙasa kafin rana ta gasa shi. Gidan man Bodinga suka ce tanka ba ta iso ba. Na Shagari suka ce injinsu ya tsaya. Arzika ya dubi allurar mai, ya ce da ita ta ji tsoron Allah. Ba ta ji ba. Kafin Kajiji, hantsi ya ɗaga, motar ta yi tari biyu ta mutu, kuma don wulaƙanci a gaban rumfar Bilyaminu mai bumburutu, wanda Arzika ya shekara goma yana wucewa yana ɗauke kai.

Bilyaminu ya taso yana gyara hula.

"Kawu Arzika, kai na koko ido na ka yi min gizo? Yau ruwan zafi za a yi."

"Bar shegantaka. Galan biyu."

"Na bumburutu hwa. Ka ji da kyau? Kak ka tahi Bodinga ka ce sace ka ni yi."

Bilyaminu ya zare rawanin, ya kafa ƙaton mazurarinsa na gwangwani, ya tuntsura jarka. Man ya dawo waje gaba ɗaya, ya bi jikin mota ya wanke wa Arzika takalmi. Harshen ƙarfen nan ko motsi bai yi ba. Aka gwada siririn tiyo, ya lanƙwashe. Aka gwada wuyan kwalba, ya yi kauri.

"Wagga mota 'yar boko ta," in ji Bilyaminu. "Ta san mai ilimi." Ya ɗauko sukundireba zai zungura. Arzika ya riƙe masa hannu. Motar amana ce, jibi zai mayar da ita, ba zai rufe shekara talatin da huɗu da karyayyen tanki ba.

Wajen goge man da ya zuba ne Bilyaminu ya share dauɗar da ke cikin 'yar ƙofar, sai ga wani ɗan zane ya fito: jarka, ga mazurari mai dogon wuya a bakin tanki.

"Kawu, wagga ba ta taho da mazurari nata ba?"

Arzika ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya juya baya ya ciro waya.

"Hajjo, aiko min da mazurarin nan fari. Ina bakin Kajiji."

"Mi za ka yi da shi?"

"Ke dai aiko."

Ya kashe. Ka ga wajen da ya yi wautar ke nan. Bai ce irin na mutuwa ba, don bai son Bilyaminu ya ji shi yana roƙon matarsa, bai kuma son Hajjo ta ji cewa shi, babban direba, bai san kayan motarsa ba.

Ranar kaka ta buɗe. Masu kabu-kabu duk sun yi kasuwa da lodi, wanda ya tsaya ma ya ce kwando ɗaya zai iya, kuma sai ya dawo. Arzika ya roƙi guga ya riƙa jido ruwa daga wata rijiya yana jiƙa buhunan da ya rufe irin. Ya tuɓe babbar rigarsa ya jiƙa ya shimfiɗa a kai. Duk da haka ganyen ya fara kwanciya, kwandunan gefe tukuna, sannan na tsakiya. Bilyaminu ya daina tsokana, ya kama masa guga. Wannan ya fi tsokanar ciwo.

Sai bayan azahar wani kabu-kabu ya tsaya, Hajjo da kanta a baya, mazurarin ƙunshe cikin mayafi. Ba ta yarda ta ba kowa shi ba.

"Sai da ni ƙare ɗura kwalabe," ta ce. "Ka san mai in ya huce..." Sai ta leƙa bayan mota, ta ɗaga rigar. Ta ga ganyen duk ya kwanta. "Malam, don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya karɓi mazurarin, yana naso, ya goge da gefen wando, ya tura. Harshen ƙarfen ya buɗe sulluɓ, kamar dama jiran gaisuwa yake. Galan biyu suka shige, ko ɗigo bai zuba ba.

Sun yi dashe har rana ta yi ja, shi da Hajjo da mutum biyu da ya samu a wurin, suna zaɓe suna zubarwa. Bayan kwana biyu ya zagaya fangalin. Abin da ya miƙe bai kai rabi ba. Na miya ne da kyautar maƙwabta, ba na ajiye aiki ba. Iri kuma ya ƙare a Dingyadi, sai baɗi.

Litinin da yamma ya shiga zauren Alhaji da makulli a aljihu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, gajiya. Alhaji ya miƙo hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Arzika, "gobe ina za a kai kaya?"

Alhaji ya dube shi, ya mayar da hannunsa. "Jega."

Har yau yana jan ta. Ya cire rawanin daga bakin tanki, tun da wani makanike ya ce zarensa ne ke sa famfo katsewa. Mazurarin yana ɗaure da igiya a bayan kujera, ban da ranar suyar ƙuli-ƙuli, da Hajjo ke aikowa a karɓa. In ya dawo, motar ta yini tana ƙamshin man gyaɗa, 'yan tasha su riƙa tambayarsa nawa kwalba. Shi dai ya dafe ƙugu ya hau.