Cinyata ta cika tef, amma ba ta iya ɗaga ni

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan rabona da rubutu a nan. Ga dalili.

Sati uku da gama jami'a, babur ya kayar da ni a hanyar Sabuwa, ƙafar hagu ta karye.

Ranar da aka cire simintin ɗori, na ga cinyata ta tsotse. Na tsorata ƙwarai. A zaune nake salla, kuma ban san ko zan sake tashi daga sujada da ƙafata ba.

Na aro tef ɗin awo wurin Malam Sule, telan unguwarmu a Sheme. Kullum da safe sai na auna, taƙi ɗaya sama da gwiwa, na rubuta a littafi. Ta hagu ta gaza ta dama da inci biyu.

Inna ta ce wannan aikinta ne. Fura, tuwo da man shanu, romon ƙashi, babu fashi. Cikin wata biyu tef ya nuna sun yi daidai. Har tukuici Malam Sule ya nema.

Na gwada salla a tsaye. A raka'ar farko sai da na dafa bango.

Na koma asibiti da littafina. Likitar sashen gashin ƙashi ta karanta shi kaf, ta yabi tsarina, sannan ta ce tef kauri kawai yake gani. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a cinya, ta ɗora na'urar sikanin.

Inna ta leƙo ta ce, "Likita, mace ce ko namiji?"

"Kitse ne, Hajiya. Naki ne kuma."

Ta nuna mana cinyar dama a allon na'urar, tsoka baƙa a cure. Ta hagu kuwa fari ya ratsa ta ko'ina. Sai ta sa na tashi daga kujera sau biyar ba dafawa. A na uku na tsaya.

Aka ɗora ni kan motsa jiki, Inna ta rage man shanu tana mita. Wata uku na yi. Tef ma sai ya nuna cinyar ta ragu da rabin inci, amma hoto ya yi kyau, kuma na cika biyar ɗin.

Juma'ar da ta wuce na yi salla a sahu, ban dafa kowa ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Inna, da likita, da ku masu addu'a.

Wanda aka cire wa ɗori, kada ya tsaya ga kaurin ƙafa. Ya je a gwada ƙarfinta, a yi hoto in an ce a yi.

Na mayar wa Malam Sule tef ɗinsa, da ƙafa na je.