Meram Mai Ƙona Turare

Duk unguwarmu a Azare babu wanda bai san Meram ba, 'yar Ya Fanna mai turaren wuta, waɗanda suka taso daga Borno tun tana goye. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, don haka ni Hauwa ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Yarinyar nan ba ta zama wuri ɗaya. A aike ta sayen sukari, sai a tsince ta bakin kasuwa tana kallon masu ɗinkin hula, ta manta abin da ya fito da ita. A ce ta tsare tukunyar turare, kafin ka ce kwabo sukari ya ƙone, itacen ya zama gawayi. Ya Fanna ta yi duka har ta gaji. An sha rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza. Daga ƙarshe uwar ta riƙa ɗaure mata ƙafa a jikin turmi da tsumman zani, wai ta koyi zama.

Ta girma ta auri Giɗaɗo, mai fataucin shanu zuwa kudu. Sakin farko, tuwo ta bari a wuta har madafa ta kama. Na biyu, mantawa ta yi da 'yarta Munira a gidan biki. Saura igiya ɗaya, kuma kowa ya sani.

Munira kuwa uwarta ta ɗauko sak. Da malamar ajinsu ta gaji ta ce a kai ta asibiti. Likita yana duba 'ya, idonsa na kan uwa: ta tashi, ta zauna, ta katse shi, ta nemi jakar da ke rataye a kafaɗarta. Ya yi mata tambayoyi tun daga yarinta, sannan ya ce ba aljanu ba ne, ba iskanci ba ne, matsala ce ta kasa tattara hankali, kuma ana gadonta. Ya ce Munira a fara mata da barci kan lokaci, aiki kaɗan-kaɗan, a bar ta ta yi guje-gujenta kafin karatu. Ita Meram ya rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha da safe.

Ba a daɗe ba ta shigo wurina tana hawaye. "Yaya Hauwa, ashe haka kan mutane yake? Shiru?" Wallahi sai da na yi kuka. Turarenta ya daina ƙonewa, har daga Jama'are ake aiko saye.

Amma ɓoye maganin take yi cikin kwalbar humra, don daga sashen masu taɓin hankali ake karɓo shi, tana tsoron a ce mahaukaciya ce. Uwar mijinta, Hajiya Jannatu, mai binciken ɗakin suruka kamar ta ba da ajiya, ita ta gano. Munira ta shiga makaranta ba ƙani, ga ƙwaya a ɓoye. Shi ke nan, Hajiya ta yanke hukunci: maganin hana haihuwa ne. Ta juye shi a masai, ta jira ɗanta ya dawo.

Ranar da Giɗaɗo ya dawo aka zauna kan maganar, Meram ta kwana biyu ba magani. Magana ta riƙa zubo mata ba kai ba gindi, tana katse manya.

"Ku je ku tambayi likitan!" in ji ta.

Hajiya ta taɓe baki. "Yo ba su ke raba shi ba? Rashin tarbiyya ne yanzu aka raɗa wa sunan ciwo."

Giɗaɗo, ragon banza, ko kallon matarsa bai yi ba ya tsinke igiya ta ukun. Aka riƙe Munira, wai kada a lalata ta da ƙwaya.

Meram ta koma gidan Ya Fanna. Ta sake karɓo magani, hankalinta ya dawo cif, yanzu ba abin da take mantawa, har wanda gara ta manta. Ran Juma'a ta roƙe ni in kai wa 'yarta ƙosai, tunda ita an hana ta shiga gidan Giɗaɗo.

Na tarar da Munira a tsakar gida, ƙafarta ɗaure a jikin turmi, zanin ya ci mata fata. Ba ta ko kalli ƙosan ba.

"Inna Hauwa," ta ce, "ki gaya wa Mama ta dawo. Ki ce na iya zama yanzu. Tun safe ban motsa ba."