Laifin da Na Ɗora wa Mai Kitso

A lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, ina da 'ya'ya uku, auta mace 'yar shekara shida. Maigidana hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye ya kai Funtua, kuma mu kaɗai muka rage a babban gida tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya. Saboda haka duk Sallah wurinmu ake sauka. 'Yan'uwansa na Kaduna da Abuja su zo da matansu da 'ya'yansu, girki da shimfiɗa da tarbar baƙi duk a kaina. Ba wanda ya taɓa ce mini na gaza, amma ni tun azumi bai kama ba nake fara jin kamar jarrabawa ce ke tafe. In duba labule, in duba kwanuka, in duba yarana, komai sai in ga bai kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata magana da matar ƙanin maigida ta yi a Sallar bara. Ana ɗaukar yara hoto, ta ce cikin raha a matso da autata gaba don kada ta ɓace a cikin hoton. Yarinyar baƙa ce sosai, launin mahaifinta ta ɗauko. Kowa ya yi dariya, har da ni, amma shekara guda maganar tana raina. Don haka da wata mata ta fito da robobin man shafawa a wurin wani biki, tana cewa haɗin gida ne, daga madara sai zuma da kurkum, ko jariri ana iya shafa masa, ban yi dogon tunani ba. Robar ba ta da suna, ba rubutun komai a jikinta. Na karɓi biyu. Saura kwana goma a fara azumi na soma shafa wa yarinyar safe da yamma, ban gaya wa kowa ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai kitso, ta girme ni, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kitson take riƙe gidanta. Tun ina amarya ita ke yi mini, Yaya nake ce mata. Ranar da na kai yarinyar a tsakiyar azumi, ta zaunar da ita, ta ɗaga haɓarta ta daɗe tana kallo. Sai ta ce da ni, “Malama, me kike shafa wa yarinyar nan? Fatar ta yi laushi da yawa, ni ban so yadda na gan ta ba.” Na ce mata man kaɗanya ne kawai. Ta ci gaba da tsaga gashin. Ni kuwa a raina na ce hassada ce, ta ga yarinya ta fara haske shi ne abin ya tsaya mata.

Bayan kwana uku ƙuraje suka feso wa yarinyar a goshi da bayan wuya, daidai bakin gashi. Nan take zuciyata ta tafi gidan mai kitso. Na tuna irin kallon da ta yi mata. Na tuna man kitson da ta lakato daga wani ɗan gwangwani da ban taɓa gani ba. Na tuna cewa a Sallar bara wurin wata na je aka yi mini nawa kitson, kuma tun lokacin na ga kamar gaisuwarta ta canza. Na ɗauki waɗannan na jera su ɗaya bayan ɗaya har suka zame mini hujja. Ko sau ɗaya ban kalli robar da ke ƙasan akwatina da ido na zargi ba. Sai ma na ƙara yawan shafawar, don na lura in na shafa jan ƙurajen yakan kwanta na kwana ɗaya, kafin ya dawo fiye da da.

Ban je na tuhume ta ba, abin da na yi ya fi wannan muni. A islamiyya na gaya wa mata biyu, cikin sigar ba da shawara, cewa su kula da inda suke kai 'ya'yansu kitso. Ban kama suna ba, amma na nuna musu wuyan yarinyar, kuma kowa ya san inda muke zuwa. Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa, har ta fi yadda na faɗa. Wasu suka ce wani abu take zubawa a mai, wasu suka ce gashin yara take tarawa. Goman ƙarshe na azumi, lokacin da tsakar gidanta kan cika har a zauna a zaure, sai na riƙa wucewa ina hango tabarmarta ba kowa. Allah ya gafarta mini, a lokacin daɗi na ji. Ta aiko da kunu a sha ruwa da shi kamar yadda ta saba, na juye a kwata. Ta gaishe ni a hanya, na amsa ban tsaya ba. Har Hajiya ban bari ba, na fara tunanin ko sabulun da take yi wa yarinyar wanka da shi ne, na ɗauke na ɓoye.

Saura kwana biyu Sallah, ina tsakiyar suyar cincin, tela bai gama ɗinki ba, baƙi sun kira sun ce gobe suna hanya, sai Hajiya ta tuɓe wa yarinyar riga za ta yi mata wanka ta kira ni. Abin ya bazu har ciki da cinyoyi, wasu wuraren sun tsage suna ruwa, ga jikinta da zafi. Hajiya ta ce in sauke kaskon nan mu tafi asibiti yanzu. A cikin Keke Napep na yi ta ba ta labarin mai kitso.

Likitar da ta duba ta mace ce, mai sanyin magana. Ta saurari labarin man kitso har na gama, sannan ta tambaye ni ko ana yi wa yarinyar kitso a ciki da cinya. Ta ce in faɗa mata gaskiya, me ake shafa mata a jiki. A gaban Hajiya na faɗa. Ta ce sau da yawa irin wannan haɗin a kan zuba masa magunguna masu ƙarfi da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, na 'yan kwanaki, don wata cuta ta musamman. Su ne ke sa fata ta yi haske da sauri, su sirantar da ita, su kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, balle fatar yaro. Ta ce ba za ta iya sanin duk abin da ke cikin robar ba, kuma wannan shi ne babban haɗarinta. Ta rubuta magani, ta ce daga shi sai man kaɗanya tsantsa in wurin ya warke.

Da muka fito Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Kafin ki koma kan cincin ɗinki, ki biya gidan baiwar Allahn nan.” Na je. Na same ta tana tsefe wa 'yarta kai. Na durƙusa na gaya mata komai, har da kunun. Da na gama ta ɗago ta ce, “Ai na gane tun ranar. Kunya ce ta hana ni matsa miki. Na yafe, Malama, amma da kin zo kin tambaye ni.” Bayan Sallah na tashi a gaban aji a islamiyya na wanke ta da bakina. Wasu sun koma wurinta, wasu har yau ba su koma ba, domin waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji gyaran yawa. Muna gaisawa da ita, tana yi wa yarinyar kitso, amma hirar da muke yi da ta mutu.

Sallar nan an ci cincin rabi, labule tsoho, kuma ba wanda ya lura. Matan 'yan'uwan maigida da suka ga halin da ake ciki suka ɗaura zane suka shiga kicin, ashe tuntuni da na nemi hannu da na samu. Fatar yarinyar ta ɗauki watanni kafin ta daidaita. Wata rana ina shafa mata magani ta ce da ni, “Umma, in na koma baƙa za ki bar ni in zauna da baƙi?” Ban taɓa gaya mata dalilin shafawar ba, amma ashe ta sani.

Ina roƙon 'yan'uwana mata, duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kada ya taɓa jikinku, balle na 'ya'yanku, ko wa ya kawo shi, ko da wane daɗin baki. In an ce zai sauya launi cikin sati biyu, ku guje shi. In abu ya fito a fata, ku tafi asibiti da duk abin da kuke shafawa a hannu, ku faɗi gaskiya tun tambayar farko. Hidimar Sallah kuma ku raba ta, ku yi abin da za ku iya ku bar saura, baƙi kwana uku za su yi su tafi. Sannan kafin ku ɗora wa wani laifi ku fara bincika ɗakinku. Ni na zargi maƙwabciyata, na zargi surukata, alhali hannun da ya cuci 'yata nawa ne, safe da yamma.