Kwanektar Da Ruwa Ba Ya Shiga

Wallahi abin nan a kan idona ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aikin lantarki a Tambuwal, aka kwashe mu zuwa wani ƙauye wajen Fakku a ƙasar Kebbe mu kafa fitilun kan titi, ana tsakiyar bazara. Kowace fitila akwai wayar da ke zuwa mata daga akwatin da ke kunna su, a bakin wayar kuma akwai wani ɗan baƙin abu mai murfi da zoben roba, kwanekta muke ce masa. In ka murɗe shi da kyau, ko a randa ka jefa shi cikinsa ba zai jiƙe ba.

Ogan namu Injiniya ya iya aiki, ba zan ci masa haƙƙi ba, amma bakinsa ba linzami. Akwai wani dattijo, Baba Sanda, da ke wuni gindin bedi, wato bishiyar dogon yaro, yana kallonmu. Gulbi ne ya tafi masa da 'yarsa da damina, ko gawar ba a gani ba, tun daga nan kansa ya ɗan taɓu. Ran kasuwa, ga mutane cike, ya ɗauki kwanekta yana jujjuyawa ya ce, "Ɗana, wanga abu da gaske ruwa ba su shiga cikinai?"

Injiniya ya ce, "Ko ɗigo, Baba. Ai da cikinai kas sa ɗiyakka, da yanzu tana nan tana dama maka fura."

Wasu suka yi dariya, ni kam ban yi ba. Tsohon ya goge abin da bakin rigarsa ya ajiye, ya ce, "Kai ma kana da ɗiya?" Injiniya ya ce, "Guda, kuma ba gulbi nika aiken ta ba."

Washegari fitilu suka ƙi kamawa. Na kwance kwanekta ta farko, kai jama'a, sai ga ruwa ya tsiyayo mini a hannu, mai sanyi, ja, har da yashi, a garin da ko hadari bai taso ba! Muka sa sababbi, da gari ya waye su ma haka. Har waɗanda ke cikin leda ba a farke ba, in ka girgiza sai ka ji ruwa na motsi.

Ni ba aikin ne ya dame ni ba, Hafsa ce, 'yar Injiniya, yarinya ƙarama mai surutu da ke ce mini Kawu in na je gidansu. Na ce, "Oga, don Allah ka tahi ka ba tsohon ga haƙuri." Ya zage ni tas, ya kuma sa aka kori tsohon daga gindin bedin, wai shi ke zuba mana ruwa.

Ran nan bayan la'asar muna kan tsani wayar Injiniya ta yi ƙara. An sami Hafsa kwance kan tabarma a tsakar gida, ba rai. Kayanta a bushe, gidan ba rijiya, mai ruwa ma bai kawo ba ranar. Matar da ta yi mata wanka ce ta ce da aka ɗaga ta, jan ruwa ne ya zubo ta hancinta, da yashi.

Da na koma ƙauyen na gaya wa Baba Sanda, zama ya yi a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Wallahi ban roƙa ba, tambaya nay yi." Na yarda da shi, kuma wannan yardar ce ta fi ba ni tsoro har yau.

Don Allah 'yan'uwa, in kun ga wanda aka yi wa rashi, ku kama bakinku. Hafsa ba ta ce wa kowa komai ba.