Ƙunshin Cincin a Kan Tsohuwar Na'ura

Kuo Pei-shan tana zaune a benci a ofishin wani kamfani mai kantuna, tana jiran a kira ta gyaran na'urar sanyaya ɗaki, idonta na kan wani mutum ta cikin gilashi. Ba ta san sunansa ba. Siriri ne mai furfura, rigar sanyinsa ta koɗe a gwiwar hannu. Yana tsugune tsakanin dogayen na'urori da kwamfuta a cinya, shinkafarsa kuwa tana nan bakin ƙofa, ta huce.

Aikin ƙaura yake yi. Kwamfutoci marasa jiki, na manhaja zalla, da ke zaune cikin tsohuwar na'ura yake kwashewa zuwa sabuwa, kowace da saitinta. Saiti ɗaya ya salwanta, gobe kantunan kamfanin ba ciniki. Leɓɓansa na motsi, yana kiran sunayensu kamar mai saka 'ya'yansa a jirgin ƙasa.

Kwamfuta ta ƙarshe ta haye. Ya miƙe da ƙyar, ya zaro koren ƙunshin cincin, irin wanda a al'adar ƙasar nan ake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi, ya ajiye kan tsohuwar.

Mai gadi ya leƙo. "Injiniya, ka ruɗe ne? Ga sabuwar can! Wannan ai kango ce, Juma'a za a kashe ta."

"Na sani, Yaya. Ai Juma'ar ba ta zo ba."

Pei-shan ta sunkuyar da kai. Jikinta ya ba ta cewa a gidan mutumin nan akwai ɗakin da mai shi ya tafi, ba kowa a ciki, kuma har yau yana share shi.