Hannun da Safiatu Ba Ta Ɗaga Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Morris Heights, can ƙetaren teku, a ƙarshen shekarun casa'in ya san Safiatu nas. Da zarar ta hangi wata sabuwar zuwa da goyo a tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, sai ta tare ta da Hausarta ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji: "Wannan yaro naka ne? To, in an tambaye ka, ka buɗa baki ka ce naka ne." Mutane suna cewa shisshigi ya yi mata yawa. Wanda ya san mafarin abin kuwa ba ya yi mata dariya.

Daga Zangon Kumasi ta zo a 1987, ta tarar da mijinta Abdul-Fatawu, direban tasi, mai fita da yamma ya kwana a titi. Shekara ta zagayo ta haifi 'ya mace, aka sa mata Zalia. Safiatu kuwa goyon kaka ce, irin tsofaffin da suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta ce nata ne a gaban suruki. Haka ta tsallako teku da wannan tarbiyya ba ta zubar da ko ɗigo ba. A ɗaka takan rungume jaririyar tana shinshinar wuyanta har ta manta da tukunya a wuta, amma da an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ajiye ta, ta koma ce mata "waccan yarinyar."

Zalia na da shekara guda Safiatu ta shiga kwaleji, da burin zama nas. Wata maƙwabciya ce ke riƙe mata yarinyar da rana. A ajin Turanci kuma Allah ya haɗa ta da Baba Zailani, ƙanen mahaifin mijinta, maigadi a wani bene, wanda ya ce tsufa ba zai hana shi koyon harshen masu gida ba. Kullum yana kujerar bayanta da tabarau a kan hanci.

Wata rana wata mata mai kula da ɗalibai ta shigo ajin da albishir. An samu tallafi ga ɗalibai masu 'ya'ya: akwai ɗakin reno a ƙasan ginin, za a riƙe yara a ciyar da su har iyaye su fito daga darasi, kuma tallafin ne zai biya. Sai dai gurbin kaɗan ne. Ta ce duk mai ƙaramin yaro ya ɗaga hannu.

Hannaye suka tashi ta ko'ina, har da na wani saurayi. Safiatu ta ji komai, ta fahimci komai, kuma babu mai bukatar abin kamarta. Amma tana jin numfashin Baba Zailani a ƙeyarta. Ta ɗaga hannu a gaban uban miji ta ce ta haihu? Matar ta dube ta ta yi murmushi ta ce, "Ke fa?" Safiatu ta sunkuyar da kai ta girgiza shi.

Ta ce a ranta za ta bi matar ofis ita kaɗai. Ranar da ta je, ta tarar da Baba a bencin ƙofar yana jiran wani abu nasa, sai ta durƙusa ta gaishe shi ta wuce. Da ta sake komawa bayan jarrabawa, gurbi ya cika, sai dai a jira baɗi.

Baɗi kuwa ta yi nisa, domin maƙwabciyar ta samu aikin jinyar tsofaffi ta bar reno. Suka gwada barin Zalia wurin ubanta da rana, ga shi ya kwana yana tuƙi. Ranar da Safiatu ta dawo ta same shi yana barci, yarinyar kuma ta rarrafa har jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ta ƙona tafin hannu, ranar aka yanke shawara. Ko dai a bar karatu, ko a kai yarinya Kumasi wurin kakarta.

"Shekara ɗaya ne kawai," in ji Abdul-Fatawu. "Kana gama sukul ya dawo."

Wata 'yar kasuwa mai komawa gida ta tafi da ita. A filin jirgi dangin miji sun cika, saboda haka Safiatu ba ta yi kuka ba, ba ta ma kalli wajen ba. Aka yi ta yabon kunyarta. Wannan yabon ya fi komai ƙona mata rai har yau.

Shekara ɗaya ta zama tara. Karatu ya ja, aiki ya biyo, takardun yarinya suka maƙale, kaka kuma ta ce ba ta rabuwa da jikarta. Safiatu ta zama nas, ta haifi maza biyu, kuma dukansu a ɗakin reno suka yi wayo, tana kiran sunansu da ƙarfi a kan titi. A sunan na biyun ne ta yi ƙarfin hali ta tuna wa Baba Zailani ranar nan ta ɗaga hannu.

Tsoho ya dube ta. "Wane hannu, Safia? Ni lokacin nan ko kalma ɗaya ban ji daga bakin matan nan ba. Na ɗauka masu son fita fitsari yake tambaya."

Mutane suka fashe da dariya. Ita ta tashi ta shiga kicin ta rufe ƙofa.

Zalia ta dawo a 1998, bayan rasuwar kakarta, doguwa, mai ladabi, da tabon ƙuna a tafin hannu. Tana wanke kwanuka ba a sa ta ba, tana durƙusawa in za ta ba da ruwa, da magariba kuma ta kan tsaya a taga tana kukan wadda ta sani da uwa. Ba ta taɓa yi wa Safiatu rashin kunya ba, kuma ba ta taɓa jingina da ita ba.

Ran da za a kai ta makaranta, suna hawa matakalar tasha yarinyar ta yi gaba cikin jama'a. Safiatu ta ga bayanta yana nisa. Ta buɗe baki, a gaban kowa, ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba.

"Zalia!"

Yarinyar ta juyo da sauri, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babbar yaya.

"Na'am, Sista Safia."