Ƙafar Hagu a Waje

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Takalma yana buɗe shagonsa salo ɗaya. Ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya share dakali, sannan ya jera takalma a kan katakon waje. Ƙafar hagu kaɗai yake jerawa, ta dama tana ciki a kwali. Wane ɓarawo ne zai wahalar da kansa a kan wari ɗaya? Mai saye kuwa dole ya shigo ya zauna a benci, kuma wanda ya zauna a bencin nan da wuya ya tashi hannu rabbana.

To, yanzu bencin shi kaɗai ke ɗumama shi. Yana wuni yana kallon ƙafafu suna wucewa, masu su kowa ya tsura wa waya ido. Ya gaji, wallahi, irin gajiyar da zama ke kawowa, wadda ta fi ta aiki cin rai.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta buɗe wa shagon shafi a intanet. Tana ɗaukar hoto, mutane su zaɓa daga ɗakunansu, mai babur ya kai musu. Abin haushin, ciniki na tafiya. Abin da take sayarwa a kwana biyu, shi sai ya yi sati bai ga rabinsa ba.

“Baba, mu saki shagon nan,” in ji ta, kusan kullum. “A kwashe kaya a kai ɗakin baya a gida. Haya muke biya don ka sha rana kawai.”

“Takalmi da ƙafa ake sayensa, ba da yatsa ba,” yake ce mata. “Masu wayar taki ma, ai don sun san akwai shago suke yarda da ke.”

A kan wannan maganar ya kafe, ita ce ta rage masa.

Wata Talata Auta ta tafi awon ciki, ta bar masa saƙo: takalmi baƙi mai igiya, lamba talatin da tara, mai babur na zuwa. Baba ya ɗauko kwalin ƙafar dama, ya fita ya ciro na hagun daga kan katako, ya goge da hannun riga ya haɗa su. Haka ya saba yi tun Auta ba ta zo duniya ba. Sai dai na wajen ya yi wata huɗu yana shan rana, ya koɗe ya koma ruwan toka. Da a shago ne, ai abu mai sauƙi: ya shafa mai, ya ja mai saye da barkwanci, ya ɗan sassauta farashi, a rabu ana dariya. Kwali kuwa ba ya barkwanci.

Mai babur ya kai wa mai saye, kafin la'asar hoton takalman, ɗaya baƙi ɗaya toka, ya zaga wayoyi. Auta ta dawo ta zauna tana ba mutanen da ba ta taɓa gani ba haƙuri, har yatsunta suka yi tsami.

Washegari sai ga mai sayen da kanta, wata matashiya, kwali a hammata, tana duba lambobin ƙofofi. Zuciyar Baba ta yi fari. Ga ƙafa ta zo har gida! Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara, ya kakkaɓe benci.

“Sannu da zuwa, 'yata. Laifina ne, ki yi haƙuri. Zauna in gwada miki wani.”

Ba ta zauna ba.

“Baba, mai shafin nake nema.”

“Ai ni ne mai shagon. Shekara talatin da ɗaya.”

Ta ɗaga kai ta dubi katakon, ta dubi rufin, da mamaki na gaskiya, ba da raini ba.

“Au, ashe kuna da shago? Kullum ta nan nake bi zuwa aiki. Sau huɗu ina sayen takalmi a wajenku, wallahi ban taɓa lura ba.”

Auta na tsaye a bakin ƙofar ciki, ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Ita ta canza wa matar takalmi, ta raka ta bakin titi.

Da ta dawo ta tarar da shi a kan bencin, ya dafa gwiwoyi.

“Auta.”

“Na'am, Baba.”

“Ɗakin bayan nan, zai ɗauke su duka kuwa?”